Yadda Na Yanke Hancin Dattijo a Hayyin Ashir

Har yau idan aka tambaye ni ko ina jin Indiyanci, sai in ce ina ji, amma ba irin wanda ake sayen tumatir da shi ba. Ko ruwan sha ban san yadda ake roƙa ba. Amma in zubar da mutuncin zuriya ake so, tun daga kaka har jika, to wannan kam na ƙware, kuma a Alkahira na koya, ta tagar kicin.

Mun zauna a unguwar Hayyin Ashir a shekarun da Malam, maigidana, yake karatun digirinsa na uku. Ya fita tun safe da littattafai, ni kuma a bar ni a saman bene, ba dangin iya ba na baba, Larabcina kuma bai wuce na gaisuwa da cinikin albasa ba. Kaɗaici ya so ya kashe ni a shekarar farko. Abin da ya cece ni shi ne manwar, wato wannan rami da Misirawa suke bari a tsakiyar gini don iska, wanda tagogin kicin duka suke kallo. Hawa ɗaya a ƙasa da ni akwai wata Ba'indiya, ita ma mijinta ɗalibi ne. Wata rana hayaƙin barkonon da take soyawa ya hau ya shaƙe ni, na leƙa in yi masifa, ita kuma ta ɗago kai tana hawaye tana ba ni haƙuri. Daga nan muka ƙulla.

Na tashi da kallon fina-finansu kamar kowace 'yar Kano ta zamanina, don haka na ɗauka rabin yaren yana bakina. Da na gwada mata, ta yi dariya har sai da ta dafa bango, ta ce abin da na faɗa babu mai faɗinsa sai wanda ya hau dutse yana kuka cikin ruwan sama. Sai muka koma gurguwar Larabci da nuni da hannu. Tana kirana Apa, wato yaya, ni kuma ina ce mata ƙanwata. Idan tana nemana sai ta buga bututun ruwa da cokali. Muna da kwando da igiya, irin wanda matan Masar suke zurarawa daga bene su sayi burodi. Da shi nake saukar mata da ɗanwake, ta ɗora min shinkafarsu mai ƙamshi in jawo. Da la'asar kuma ta hau wurina mu sha shayi. Ita ce kaɗai ƙawar da nake da ita a duk ƙasar Masar, ba na ɓoyewa.

Ana haka sai ta ce min surukinta zai zo daga Indiya ya yi musu wata biyu. Babban malami ne a garinsu, shi ke ɗaura aure, shi ke raba gado. Ya iso, amma ban gan shi ba, tarinsa kawai nake ji ta manwar.

Bayan 'yan kwanaki aka ƙwanƙwasa min ƙofa da hantsi. Na buɗe na ga wani siririn tsoho da zani ɗaure a ƙugu, da wata tsohuwar riga, ya rungumo tukunya da tsumma yana haki. Ashe ƙanwata ce ta dafa abincin maraba, tukunyar ta fi ƙarfin kwando, mijinta ya fita, ita kuma tana da ciki, har ya tsufa. Dattijon nan, don tawali'u, ya ce shi zai kai wa maƙwabta da kansa. Ni ina na sani? A garinmu maigida ba ya ɗaukar tukunya. Duk wanda ka gani da tukunya a ƙofarka ɗan aike ne, kuma tun ina yarinya uwata ta ja min kunne cewa ba a barin ɗan aike ya koma hannu Rabbana, sai an ba shi tukwici. Wadda ba ta bayarwa, sunanta marowaciya har ta mutu. Don haka na karɓi tukunya, na kwance bakin zanina, na zaro 'yar takardar kuɗi na danna masa a tafin hannu, har da cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, ba yawa.

Tsohon ya dubi hannunsa, ya dube ni. Ni kuwa na ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki, sai na ƙara naɗe masa yatsunsa a kan kuɗin, na ce yalla, Allah ya yi albarka. Ya juya ya sauka a hankali. A kan matakalar kuwa ga bawwab ɗinmu, mai gadin ginin, yana goge-goge, ya tsaya da tsumma a hannu ya kalli komai. Mutumin nan in ya ji magana da safe, kafin azahar har mai sayar da gas ya sani.

Ranar ba a buga bututu ba. Na leƙa na ga tagarta a rufe. Washegari na ji ana ta sallama a hawan ƙasa, na saurara. Ɗalibai ne gwagware na ginin, 'yan Sudan da 'yan garinmu, kowa da kwanonsa da kuɗinsa, sun zo sayen shinkafar Indiya. Bawwab ya gaya musu cewa Indiyawa sun buɗe gidan abinci, har da tsoho mai kai wa mutum ƙofa. Wani ɗan Zariya ma na ji shi yana tambaya ko ana ƙara nama. Daga nan sai na ji muryar da ta ninka tarin nan sau goma, ana zuba Indiyanci kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, aka kuma buga ƙofa har ginin ya amsa.

Sai bayan kwana biyu, da tsohon ya kwanta ƙailula, na ji cokali a jikin bututu, a hankali. Na leƙa. Idanunta sun kumbura.

"Apa," ta ce da raɗa, "nak kat gayi." Ta sa yatsa ta yanke hancinta a iska.

"Wa ya ji rauni?" na tambaya.

"Babu wanda ya ji rauni. Hancin Baba ne ya yanku. A wurinmu mutuncin mutum a hancinsa yake. Ke kika yanke shi, kika ba shi kuɗi kamar ɗan dako."

Da na gane ko wane ne na naɗe wa yatsu, na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai ina hawa na sama, tafiyar da nisa. Ta ce ya hana ta hawa wurina, ya hana kwando, ya ce kuma da zarar ta haihu za su bar ginin nan gaba ɗaya. Dariyar da ta fara taso min ta koma ciki.

To daga ranar aka buɗe makaranta. Kullum da ƙailula sai ta kawo min rahoton abin da Baba ya faɗa a kaina, kuma dattijon nan bai taɓa maimaita zance ɗaya sau biyu ba, malami ne na gaske. Yau ya ce na jefa rawaninsa sama a bainar jama'a, "pagri ucal di". Na ce ai ba rawani a kansa ranar, da akwai da ban ba shi ba. Ta ce rawanin ba sai an gan shi ba. Gobe ya ce darajarsa ta cakuɗe da ƙasa, "izzat mitti me mil gayi". Jibi ya ce an baƙanta fuskar gidansu. Wata rana ya ce sunan kakanninsa ya nutse. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne da ya ce mai irin aikina kamata ya yi ta nemi ruwa cikin tafin hannu ta nutse a ciki, "cullu bar pani". Na ce mata ki gaya masa ni 'yar Kano ce mai jiki, tafin hannu ba zai ci ni ba, sai dai a kawo baho. Ta toshe baki da gyale tana dariya tana hawaye.

Ni ma ban bar ta haka ba. Na koya mata cewa mu a wurinmu zani ake kwance wa mutum a kasuwa, ko a shafa masa kashin kaji. Ta ce namu ya fi ƙazanta. Na ce naku ya fi zubar da jini. Muna yi muna sauraron tarin tsoho, da ya motsa sai kowa ta ja tagarta.

Na roƙe ta ta sa mijinta ya yi wa Baba bayanin tukwici, cewa girmamawa ce ga wanda ya aiko da wanda ya kawo, ba ciniki ba ne. An yi masa. Amsar da ta dawo ita ce ya fahimta, amma bayani a cikin ɗaki ba ya mayar da hancin da aka yanke a kan matakala.

Na kwana ina juya maganar nan, na ga dattijon ya fi ni gaskiya. Abin da aka ɓata a gaban bawwab, a gaban bawwab za a gyara shi. Sai na tunkari Malam.

"Malam, ranar Juma'a zan yi masa da miyar taushe. Kai za ka kai ƙasa."

Ya sauke littafi ya dube ni ta saman tabarau. "Ni? Da tire a kan matakala? Ɗalibai fa suna ɗaukar karatu a wurina a ginin nan."

"Shi ma ana ɗaukar karatu a wurinsa, kuma ya ɗauko tukunya."

"Ki aika da kwandon mana."

"An hana kwando. In ƙanwata ta bar ginin nan, Malam, kai za ka dinga zama da ni kullum la'asar muna shan shayi, ina ba ka labarin farashin albasa. Digirin sai ya jira."

Ya yi lissafinsa. Ya ce Allah ya kai mu Juma'ar.

Na zaɓi lokacin da ake dawowa daga masallaci, matakala cike da mutane. Malam ya sha babbar riga da hula, ya ɗauki tire yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, hannun rigar yana neman faɗawa cikin miya. Ni ina laɓe a saman bene ina leƙe. Bawwab yana nan, ban ma aika a kira shi ba. Ɗaliban da suka zo sayen shinkafa su ma suna nan, sun ga Malaminsu da tire sun rasa inda za su sa idanunsu.

Dattijon ya buɗe ƙofa. Wannan karon da rawaninsa, fari tas, da doguwar riga, sai na ga lalle da haka ya zo min da na durƙusa. Malam ya yi sallama ya ba da haƙuri da Larabci mai nahawu. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya karɓi tire ya miƙa ciki. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar takardar nan tawa, ita ɗin dai, a ninke kamar laya. Ya kamo hannun Malam ya danna masa, ya naɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"An gaya min a ƙasarku ɗan aike ba ya komawa haka nan," ya ce. "Ma'alish, ba yawa."

Na ga ƙeyar Malam ta yi gumi. Amma Bahaushe ne, kuma babba ne ya ba shi a gaban mutane. Ya rusuna, ya tallafe hannun da ɗaya hannun, ya ce Allah ya ƙara girma. Sai tsohon ya fashe da dariya har tarin ya taso masa, ya jawo Malam ciki, suka zauna suka cinye masar tare.

Da Malam ya hawo, ya ajiye min kuɗin a kan tebur ya ce, "Kin kwance min zani a kasuwa." Na ce, "A'a Malam, hanci ne kawai, kuma yana tsirowa." Bai yi dariya ba sai da daddare. Kafin magariba kuwa bawwab ya sanar da duk unguwa cewa 'yan Nijeriya ma sun fara sayar da abinci, kuma Malam ne ke kaiwa. Ɗan Zariyan nan shi ya fara zuwa da kwano.

Washegari da la'asar ban ji cokali a bututu ba. Ƙofata aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na gan ta tsaye tana haki, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da tirena, ba a wofi ba. Ta taɓa hancinta ta ce, "Apa, ya koma wurinsa." Na karɓi tiren, hannuna ya tafi bakin zani da kansa, ta buge shi. Muka tsaya a bakin ƙofa muna dariya, ni tawa ta rikiɗe ta zama kuka, don sai a lokacin na san irin tsoron da na kwana da shi duk kwanakin nan.

A ginin ta haihu, ni na fara yi wa jaririyar wanka. Da karatu ya ƙare kowa ya koma ƙasarsa. Yanzu idan jikokina suna kallon fim ɗin Indiya aka zo wurin da uba yake dafe ƙirji yana cewa an yanke masa hanci, su dariya suke yi, ni kuma sai in tashi in shiga kicin in tsaya a bakin taga.