Hoton Kaka a Bangon Mujalla

Ni ne da laifi, kuma da gangan na yi. Shekara goma sha huɗu ke nan ina cewa takardar faɗowa ta yi daga jakata, har na kusa yarda da ƙaryar da kaina. Ba faɗowa ta yi ba. Da hannuna na zaro ta na miƙa.

Wari ne ya tayar mini da maganar. Makon jiya na je wani shagon buga takardu a unguwar Aƙiƙ, nan Madina, in karɓo takardun da muke liƙawa a kwalayen dabino, sai ɗumin injin da warin tawada suka bugi hancina. Nan take na gan ni ina ɗan shekara goma sha biyu, a gidanmu na unguwar Ƙiblatain, ina leƙen takarda tana fitowa daga firintar Yaya a hankali, kamar ba ta so.

Mu biyar ne a gidan: Abba, Umma, Yaya, ni, da Kaka, mahaifin Abba. Kaka tun yana saurayi ya baro ƙasar Damagaram, ya yi ɗinki a Madina har idanunsa suka gaji. Yaya yake kira amaryata, ni kuma abokina, kamar yadda kakanni ke wasa da jikoki. In ya yi mini magana da Hausa na amsa da Larabci, sai ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni Hausata, tunda ba ka so."

Abba direban motar wata makarantar Turanci ne, ta haka Yaya ta samu gurbi a can. Ni makarantar unguwa na yi, kuma daga sakandare ban ƙara ba. A shekararta ta ƙarshe aka ba su aikin da za a haɗa da sakamakon jarrabawa a darasin yaɗa labarai. Kowace ɗaliba za ta tsara mujallar kiɗa: bango, shafin jerin abubuwan da ke ciki, da shafi biyu na tsakiya. Malamarsu ce ta raba, Yaya ta faɗa a kan rok, wato kiɗan Turawan nan na jita mai ƙara da ganguna, wanda masu yinsa ke ɗaure fuska kamar an ci musu abinci.

Abba ya ce kiɗa ba zai shigo masa gida ba. Yaya ta yi ta bayani cewa mujallar ba ta gaske ba ce, ba wanda zai kaɗa komai, launi da rubutu da hoto kawai za a duba. Da ƙyar ya yarda, amma da sharaɗi: daga gida sai makaranta, kada idon wani ya gani.

Dokar aikin ita ce hotunan su zama ita ta ɗauka da kanta. Ba ta da namijin da za ta ɗauka sai ni, don haka ta yi mini alkawarin bango. Mako biyu na yi ina koyon ɗaure fuska a madubin banɗaki. Na jiƙa gashina da ruwan sukari don ya miƙe, ƙudaje suka bi ni har masallaci. Abba ya aro jita daga wani abokin aikinsa, tsirkiya uku kawai ta rage mata, ya shigo da ita a nannaɗe cikin bargo kamar marar lafiya.

Lokacin sanyi ne, irin sanyin Madina da ke shiga ƙashi da safe ya sake ka da hantsi. Muka hau saman bene, inda Umma ke shanya. Kaka na can kan darduma yana shan rana, da kofin shayi mai na'ana'a a gabansa. A kwanakin ne aka yi masa aikin ido, likita ya sa masa baƙin tabarau, ya kuma naɗa rawaninsa har haɓa saboda iska.

Yaya ta ɗauke ni hoto ya fi hamsin. A kowane ina kama da yaron da cikinsa ke murɗawa. "Ka saki jiki!" in ji ta. In na saki, jitar ta zame. In na riƙe, kafaɗa ta hau kunne.

Kaka ya gaji da kallo. "Abokina, wannan ai riƙon akuya kake mata. Kawo."

Ya ɗora ta a cinya, ya karkata kai, ya murɗa wani abu a wuyanta. Sai yatsunsa suka tafi da kansu. Bai fi numfashi uku ba, amma wani sauti ya fito wanda ya sa Umma ta tsaya da rigar Abba a hannu. Yaya kuwa ba ta tsaya ba, ta danna kyamara. Kaka ya ajiye jitar da sauri kamar ta ƙone shi, ya yi istigfari.

A ranar muka ji daga bakinsa abin da ko Umma ba ta sani ba. Kafin ya zo nan, Kaka makaɗin gurmi ne, ana ɗaukarsa daga gari zuwa gari don biki. Da ya sauke farali sai ya bar abin don Allah, bai ƙara taɓa tsirkiya ba shekara hamsin.

Sai ga hoton ya fito a kwamfuta. Baƙin tabarau, farin gemu, rawani, jita, ga sararin sama fes a bayansa. Yaya ta sa sunan mujallar da manyan jajayen haruffa masu kama da tsagewar bango, ta bar rawanin ya ɗan rufe harafi ɗaya, ta ce haka ƙwararru ke yi. Ta durƙusa gaban Kaka ta roƙe shi ya bari ta sa shi a bango.

"Amarya ta roƙa, ango ya ƙi?" in ji Kaka. "Sa. Amma mutanen majalisa kada su gani."

Ni kuwa aka mayar da ni shafin ciki, can ƙasa, hoto kamar kwalin ashana. Mako biyu na ɗaure fuska, da ƙudaje, duk a kan kwalin ashana.

Majalisar da Kaka yake nufi wata tsohuwar shimfiɗa ce a gefen wani kanti kusa da masallaci, inda suke zama su huɗu bayan La'asar suna kallon motocin masu ziyara. Akwai Malam, Bakano, wanda ya yi karatu a jami'a ya koyar har ya tsufa, kowa na jin nauyinsa. Akwai wani tsoho ɗan Cadi mai yawan dariya, da wani mutumin Damagaram, ɗan ƙasar su Kaka. Lissafin da na yi shi ne in suka gani Kaka zai ji kunya, ya ce a cire hotonsa, Yaya kuma ba ta da kowa sai ni. Iyakar tunanina ke nan. Ban yi tunanin kunyar kanta ba.

Saura kwana biyar a miƙa aikin, na ɗauki gwajin bangon da ta buga na sa a jaka. Na riga Kaka fitowa daga masallaci, na gaishe su, na miƙa wa Malam. Takardar na hannun na uku lokacin da Kaka ya iso da sandarsa. Ya gane ta tun daga nesa, da sabon idonsa. Ya yi sallama, bai zauna ba, ya juya gida. Har yau ina jin ƙarar sandar nan a kan kwalta.

Kafin Magariba labari ya kai wa Abba. Ya tambaye ni, na ce faɗowa ta yi. Ya ɗauki kwamfutar Yaya ya kulle a kabad, ya ce an karya sharaɗi, magana ta ƙare. Yaya ta ce in ba ta miƙa ba ta faɗi darasin, shekararta kuma ta tafi. Ya ce mutuncin mahaifinsa ya fi shekara. Ba ta zage ni ba, ba ta ko kalle ni ba. Ta dinga zuba mini abinci tana ajiyewa kamar wanda ake ba kyanwar maƙwabta.

Kaka ya daina zuwa majalisa. Ya je masallaci ta wata hanya ya dawo ta ita, ya zauna a ɗaki. Ba amaryata, ba abokina. Gidan ya zama kamar an kashe fanka.

Rana ta uku bayan La'asar muka ji haki a matakala. Tsofaffin nan uku ne, suna hawa suna hutawa, ɗan Cadi na cewa wanda ya gina benen nan ba ya son baƙi. Umma ta aiko da shayi, Abba ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ni na maƙale a bayansa.

Mutumin Damagaram ne ya fara. "Kai, wa kake ɓoye wa? Ni da na yi rawa a kiɗanka ranar bikin yayana har takalmina ya tsinke? Shekara talatin ina zaune kusa da kai, ka taɓa ji a bakina?"

Kaka ya ɗago kai. "Ka sani?"

"Har ni na sani," in ji Malam. "Duk wanda ya ga yadda yatsunka ke yi a jikin kofin shayi ya sani."

Ɗan Cadi ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Kaka ya so ya daure, ya kasa.

Malam ya gyara zama ya ce ra'ayinsa kan kiɗa yana nan inda yake, ba zai canja ba. Amma mutumin da ya bar abu don Allah shekara hamsin, takarda ɗaya ba ta mayar da shi baya, yarinya kuma karatunta take yi. Ya dubi Abba. "Buɗe mata na'urarta." Abba ya tashi ba musu.

Sannan ya leƙo ni. "Kai kuma, faɗowa ta yi ko?"

"Faɗowa ta yi, Malam."

"To. Allah ya sa ta daina faɗowa."

Da an tsaya nan ma ya isa. Amma ɗan Cadi ya ce shi abin da ya ɓata masa rai ɗaya ne: ya za a yi mutum ya shiga mujalla ya bar abokan zamansa? Yaya, daga bayan labule, ta ce dama shafin tsakiya hoton ƙungiya yake so, ba ta samu ba. Washegari da hantsi sai ga su a saman bene. Ɗan Cadi ya aro baƙin tabarau na jikarsa, mai ɗan fure a gefe. Mutumin Damagaram ya harɗe hannu ya ɗaure fuska, ɗaurin da na yi mako biyu ban iya ba. Malam ya ce shi ba ya shiga hoto, amma da Yaya ta ce haske bai isa ba, shi ya riƙe babban farantin Umma yana mayar da rana kan fuskokinsu, yana cewa, "Ku daina dariya, ku kuka ce makaɗa ne."

Ta miƙa aikin a ranar ƙarshe, ta ci da kyau. Malamarta ta tambaye ta inda ta samo waɗannan mutane. Hotona yana nan a ƙasa, kwalin ashana, ko ɗan ƙari ba ta yi masa ba.

Kaka ya koma majalisa, ya koma kirana abokina, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin an wuce wurin. Bayan shekara huɗu ya rasu, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a, ban faɗa masa ba. Wannan ita ce wadda ba ta gyaruwa, sai addu'a.

Yanzu an rushe kantin, shimfiɗar ma babu, sauran ukun duk sun bi shi. Yaran gidanmu kan haɗa bango a waya kafin shayi ya huce, su goge su sake wani, ba wanda ke jiran firinta. Yaya kuwa tsara takardu ya zama sana'arta. Takardun kwalayen dabinon da na je karɓa a Aƙiƙ ma aikinta ne.

Daga shagon ban koma wurin aiki ba, gidanta na wuce a unguwar Ranuna. Na ce ta nuna mini mujallar. Ta ɗauko ta cikin leda, jan ya ɗan koɗe, amma Kaka na nan yana kallon duniya ta baƙin tabarau. Na ce mata akwai maganar jakar nan.

"Mai zif ɗin?" in ji ta. "Ni na saya maka ita, ai ko allura ba ta faɗowa." Ta ce tun a makon ta so ta titsiye ni, Kaka ya hana. Wai ya ce, "Ƙyale abokina. Zai zo da ƙafarsa, nawa ce kawai gare shi."

Ta harɗe hannu tana murmushi, ta ce to ga ta, tana ji, kuma da Hausa take so, kada in gudu cikin Larabci.

Na sauko daga kujera na durƙusa a gabanta, ni da gemuna da 'ya'yana biyu.

"Yaya, ba faɗowa ta yi ba. Ni na miƙa, don ina jin haushin ba ni ne a bango ba. Na kunyata Kaka, na kusa ɓata miki shekara, na kuma yi ƙarya a kai. Hotonsa ya fi nawa, tun a ranar na sani. Don Allah ki yafe mini, ki kuma taya ni roƙa wa Kaka gafara."