Malam Ari Duba-gari da Taku Shida na Hanyar Ruwa

Idan hadari ya haɗo daga gabas, kowa a Zaitawa ciki yake nema. Mata su kwashe shanya, masu tebur su ja leda. Mutum ɗaya ne yake fitowa. Malam Ari duba-gari zai sa takalmin roba, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki tsohuwar lemarsa, ya cika aljihu da guntayen kara. Da ruwa ya fara gudu sai ya jefa kara ɗaya, ya bi shi lungu-lungu har ya ga inda ya tsaya. Inda karan ya maƙale, nan wani ya toshe lambatu ko ya ci hanyar ruwa da dakali. Washegari zai dawo da sallama, a zauna a zaure, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ya miƙa takardar gargaɗi.

Shekara talatin da biyar yana wannan aiki. Ƙarshen watan jiya ya ajiye shi, ba walima, ba jawabi, ko hoto ba a ɗauka ba. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya, amma na ga abin da bai kamata in yi shiru a kansa ba.

Duk karan da Malam Ari ya jefa, wuri ɗaya yake nufa: kududdufin bayan unguwarmu, ramin da kakanni suka haƙa suna ɗiban ƙasar gini. Shi yake shanye ruwan lungunanmu duk damina. Ta gangarensa akwai gidajen ƙasa goma sha ɗaya. Na can ƙasa shi ne na 'Yardada, tsohuwa mai daddawa, wadda duk unguwa ke kira Inna.

Mu 'yan birni mun san yadda ake cinye kududdufi. Ba a rana ɗaya ake yi ba. A fara zuba shara a bakinsa, ta danne, wani ya ɗaure akuya, wani ya kafa rumfa, sai a wayi gari an ce ai fili ne, har da takarda. Haka aka yi da namu. Shekara uku da suka wuce wani ɗan kasuwa, Alhaji Nata'ala, ya zo da takardarsa zai cike ramin ya jera shaguna. Gaskiya murna muka yi. Mun gaji da sauro da wari.

A lokacin ina bin tifa, ni ke buɗe mata baya a juye ƙasa. Ranar da muka kawo lodin farko muka tarar da Malam Ari tsaye daidai inda za mu juye.

“Baba, matsa mana, kada ƙasa ta rufe ka,” in ji Ɗahiru direbanmu.

“Wa ya ba da izinin juyewa a nan?”

“Ni direba ne, ba alƙali ba. Ko kwaɗin ne suka ɗauke ka lauya?”

Aka kwashe da dariya, har da ni. Bai yi fushi ba. Ya ce, “Ɗana, ruwa bai iya karanta takardar Alhaji ba. In ka hana shi gidansa, naka zai shiga.”

Ya tsaya cikin rana yana yi mana bayani kamar masu hankali: takardar fili daban, izinin toshe hanyar ruwa daban, kuma doka ba ta ba kowa na biyun ba. Ya ce mu duba yadda yanayi ya sauya, damina ta makara, in ta zo kuma ta sauke ruwan wata guda a yini ɗaya. Muka jira ya tafi sallar Azahar, muka juye.

Ya rubuta rahoto, ya sake rubutawa. Takardu suka shiga ofis ba su fito ba. Mai unguwa ya shaida cewa a zaurensa Alhaji ya yi wa Malam Ari tayin shago ɗaya mai kallon titi. Dattijon ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, na gode, Allah ya ƙara arziki. Amma ni ban iya iyo ba.”

Da ya ƙi gajiya, aka turo kwamiti. Allah ya sa ranar ana ruwa mai ƙarfi. Ya jefa karansa a gabansu, ya sa manya masu babbar riga suka bi shi cikin taɓo har bakin ramin. Duk da haka kududdufin bai tsira ba, an riga an cike fiye da rabi. Abin da ya samu kawai shi ne umarni a rubuce cewa a bar wa ruwa hanya mai faɗin taku shida a gefen ginin, ta zarce har babban lambatu na titi. Da ƙafarsa ya auna, ya kafa turaku. Magina su matsar da su da yamma, shi ya mayar da su da safe. Wata huɗu ana haka har aka gama gini.

Ya san taku shida ba za su ceci gidajen can ƙasa ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su koma wurin dangi kafin watan Agusta. A ƙofar 'Yardada maƙwabta suka ji yadda suka yi.

“Ari, a gabana aka raɗa maka suna. Yau kai ne za ka ce in bar ɗakina?”

“Inna, wata biyu kawai. Ki je wurin 'yarki Hafsat a Ƙofar Mazugal, ni zan kai miki kayan.”

“In zauna gidan suruki da raina? Rufe bakinka, kada ka yi mana mugun fata.”

“Ba fata nake yi ba, Inna. Gangare nake gani.”

Wata Juma'a a watan Agusta, ana idar da salla ruwa ya kece, bai tsagaita ba sai bayan La'asar. Hanyar taku shida ta cika tana gudu kamar kogi, ta kwashe abin da za ta iya. Gidaje takwas suka tsaya. Uku na can ƙasa suka rushe. Mutanen gida biyu sun bi shawararsa sun tashi tun farkon wata. 'Yardada tana ɗakinta. Malam Ari yana cikin waɗanda suka tono ta da hannu. Allah ya jiƙanta.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni kunya. Ba wanda ya ambaci shagunan. Aka ce bakin Ari ne ya kama. A wurin zaman makoki, Hafsat 'yar marigayiya ta aiko daga cikin gida a gaya masa burinsa ya cika. Ya tashi ya sa takalminsa, ya yi addu'a a tsaye, ya tafi. Daga ranar akwai gidajen da zai yi sallama sau uku a yi kamar ba kowa. Cikinsu har da gidajen da suka tsaya saboda turakunsa.

Malam Ari, kai ne ka yi wa ruwa shari'a da mu, ka ci, muka ƙi bin hukunci. Kai ne ka sha dariyar yaran tifa ba ka rama ba. Ari ɗan Fanna, jikan malaman Barno, dattijo mai bin ruwa a ƙafa: yara nawa ne suke wasa yau a tsakar gidajen nan takwas ba su san sunanka ba?

Satin da ya wuce na je gidansa neman gafara. Na same shi a zaure, ƙafafunsa sun kumbura. Na ce masa ni ne na buɗe bayan tifar nan.

“Na gane ka. Abinci kake nema, na yafe maka,” ya ce. Sannan ya ƙara, “Ni abin da yake ci na, sau biyu kawai na je wurin Inna. Da na koma na uku, wataƙila da ta tashi.”

Na yi masa sallama na fito. A nan nake faɗa: mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa wahalar nan ta zama nauyi a mizaninka.

An turo mana sabuwar duba-gari, Malama Safiya. Ina roƙonta ta riƙe aikin yadda ya riƙe shi, mu kuma idan ta faɗi abin da ba ma so, mu saurara. Wanda ya ce katanga za ta faɗi ba shi ya ture ta ba. Gidan Malam Ari ba ɓoyayye ba ne, mutanen Zaitawa. Mu je mu gaishe shi tun yana iya amsawa.