Ƙulli Huɗu a Gezar Asibi

A unguwar New Bell ta Douala kowa ya san Baba Yelwa mai dawaki, amma ba kowa ya san cewa bai taɓa hawa doki ba. Shekara ashirin da shida yana aiki a wata makarantar koyon hawa da ke bayan unguwar Village, shi ne wanka, shi ne ciyawa, shi ne ƙwaƙule taɓon Douala daga kofato. Kafin nan dako ya yi a kasuwar Sandaga, shekara goma sha biyu yana sauke buhunan albasa daga manyan motoci.

Yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kai. Duk dokin da ya fito daga darasi, sai ya shafa bayansa, ya yi masa ƙulli a geza. Ƙulli ya kai huɗu, to wannan doki ya tashi aiki, ko uban wa ya zo.

Ana nan aka kawo sabon manaja, Usaid, ɗan unguwarsu, ɗan boko mai Faransanci kamar ruwa. Ya zuba komai a kwamfuta, kowane doki awa huɗu a yini. Ba mugu ba ne, yarda da takarda ce ta yi masa yawa.

Wata Asabar makaranta ta cika. Usaid ya leƙo barga ya ce a ɗaura wa Asibi sirdi, tsohuwar goɗiyar da ake ba masu tsoro saboda haƙurinta.

"Ta gama na yau," in ji Yelwa.

"Haba Baba, dubi planning, ga jadawalin nan. Awa biyu kacal ta yi."

"Patron, kai awa kake ƙirgawa, ni mahaya nake ƙirgawa. Mutumin nan na safe ƙato ne, kuma bai iya zama ba, faɗowa yake yi a kanta kamar buhu. Shi kaɗai ƙulli uku ne."

Usaid ya shafa bayan goɗiyar, bai ji komai ba. Ga baƙi na jira, ga ma'aikata na kallo. Kunya ta sa ya ɗaga murya, ya ce ko sirdi ya hau, ko Yelwa ya ajiye makullan barga. Tsohon nan ya ciro makullan ya rataye a ƙusa, ya rungumi sirdin Asibi ya zauna a kai a bakin ƙofa. Babu wanda ya iya cewa ya tashi.

Ranar Litinin Usaid ya kira likitar dabbobi, don ya raba gardama ya sallami tsoho da hujja. Matar ta bi bayan Asibi da na'ura a hankali, sai ta tsaya. Tsoka ce ta fara yagewa a ƙarƙashin mazaunin sirdi, wuri bai fi faɗin babban yatsa ba. Ta ce da an ƙara mata mahayi ɗaya, da ta gama aiki ke nan har abada.

Wallahi abin ya ba Usaid tsoro, a ce hannu mai kantar dako ya ga abin da sai da na'ura aka gano. Ya ciro makullan, ya je ya durƙusa gaban Yelwa da wandonsa na ofis a cikin taɓo.

"Baba, ka yafe mini. Amma don Allah, yaya aka yi ka sani?"

Yelwa ya juya baya, ya ɗage rigarsa, ya kamo hannun Usaid ya ɗora a gefen ƙashin bayansa. Akwai wani dunƙule a wurin, mai tauri kamar dutse.

"Buhu ɗaya ne ya yi mini wannan, na ƙarshen yini," ya ce. "Ni babu wanda ya ƙirga mini."