Daji Bai Rama Komai a Kan Dakta Hajara Ba

Ina tsaye da hantsi ina dafa almakashi da sauran ƙarafan aiki, ƙanenta ya kira ni daga Sakkwato: Dakta Hajara ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi shekaru ina aikin nas a ƙarƙashinta a nan Illela, na kuma san ciwon daji ya daɗe yana cin ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne raɗar da na ji a wurin gaisuwa: wai daji ne ya rama, don ta yi ta sa masa ƙarfe a jikin 'ya'yan mutane. Ƙarya ce, kuma ba zan bari ta zauna ba.

A nan, duk ƙullutun da ya fito wa yaro sunansa daji, an kuma yarda cewa daji ba ya son allura ko wuƙa. Sai a ɓoye yaro a gida ana shafa masa magani mai cin fata. Dakta kuwa takan ɗora yaro kan cinyarta, ta tambayi tun yaushe abin ya fito, ta lallatsa a hankali. Akwai wani irin ƙullutu da likita kan daɗe bai ci karo da shi ba, mai tauri kamar tsakuwa. In ka danna gefe guda, ɗayan ya ɗago. Ita ta koya mini gane shi. Takan ce wa iyaye, "Ba kowane ƙullutu ne daji ba." Duk da haka ba ta yanke hukunci sai abin da ta cire ya je gwaji ya dawo. "Hannuna zato yake, gwaji ke faɗin gaskiya," in ji ta.

Yarinya ta ƙarshe da ta duba kafin ciwo ya kwantar da ita, Nafisa ce daga Kalmalo, mai irin wannan ƙullutu a kan gira. Aka sa ranar aiki, ba a kawo ta ba. A wurin gaisuwar na ga kakarta cikin masu raɗa, Nafisa na gefenta, baƙin magani ya zagwanye mata fata har kusa da ido.

Na ce, "Inna, don Allah ina kuka shiga?"

Ta ce, "Mi za ni kai ta yi, ɗiyata? Mai yankan dajin ma ga yadda ta ƙare."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah! Ciwon Dakta dabam, na Nafisa dabam. In wanga magani ya cinye mata ido, wa za ki ce ya rama?"

An ce na ɗaga murya a gidan makoki. Na ɗaga, ban kuma yi nadama ba.

Washegari tsohuwar ta kawo ta. Da fata ta warke, likitan da Dakta ta horar ya cire ƙullutun, gwaji ya dawo: ba daji ba ne. Idonta lafiya ƙalau. Ranar kwance ɗinki Nafisa ta leƙa ofishin marigayiyar da ke rufe, ta ce da ni, "Ina Dakta? Ina son ta gani."

Ya Allah Ka jiƙan Hajara, Ka sa ciwon da ta sha ya zame mata kankarar zunubi, Ka haskaka makwancinta. Ka ba mahaifiyarta da mijinta da 'ya'yanta haƙuri. Mu kuma da ta bar wa aikin, Ka ba mu taurin kai irin nata. Amin.