Zare a Murfin Kwano

Shekarun farko na aurena, duk sanda muka je Korgom daga Tasawa, uwar mijina takan sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma a ɗaki, a kawo mini tuwo a kwano mai murfi, da tsokar da ta fi kowace girma. Malama take kirana, saboda ina koyar da ilimin halittu a lise, wato makarantar sakandare. Mutane na cewa na yi sa'ar suruka. Ni kuwa abin na ci mini rai, don baƙo ake yi wa haka, baƙo kuma raɓa ne. Ina jiyo matan gidan a tsakar gida suna cin nasu suna shewa, ni ina ɗaki da tsokata kamar mai takaba.

Da ƙanwar mijina ta haihu a gida, na ɗaura ɗamara, na ce ranar suna ko ana ha maza ha mata sai na shiga cikinsu. Na tarar da Inna, surukar tawa, zaune gaban tukwane, kwanonin aro na unguwa jibge kewaye da ita. Tana zuba tuwo tana faɗin inda kowanne zai je: na liman, na dangin uban jariri, na ruga wajen Fulanin da ke kiwon shanun gidan. Masu kaiwa ba sa isa zaure sai sun manta, su dawo su tambaya, ita kuma ta yi ta faɗa.

Na durƙusa na ce, "Inna, wanga aiki ai shi nika koyarwa."

Ta ce, "Rabon tuwo kika koyarwa a lakkwal?"

Na yi mata bayani. Jikinmu ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace kamar gida mai ɗakuna. A ciki ake ƙera furotin, ma'aikatan jiki, kuma kowanne da ɗakin da zai yi aiki. Tun wurin ƙira yake fitowa da alamarsa. Da yawansu sai sun bi ta wani sashe da ake kira Golji, shi ke duba alamar, ya ƙunshe su a 'yar jaka, ya tura wannan bakin ƙofa, wancan waje, wani kuma ɗakin da ake niƙe tarkace.

Inna ta ce, "To, ni ce Goljin ke nan. Allah shi sa ba zagi ba ne."

Matan suka kwashe da dariya, ita kuma ta ce in gwada. Na aro zaren saƙa kala-kala na ɗaura a kan murafu: kore na liman, ja na dangin uban jariri, baƙi na ruga. Aiki ya fara tafiya sumul, babu mai dawowa tambaya. Har na soma taku a tsakar gida kamar inspekta.

Abin da ban sani ba, kowace mace ta san murfinta kamar yadda ta san ɗanta. Gwaggon mijina ta hango nata a kan kwanon wata, ta ce, "Murhina ba shi hawa kwanon kowa," ta mayar da shi kan nata. Sauran suka bi sahu, kowace ta haɗa kwanonta da murfinta, zarena na reto a kansu. Haka manyan tsokoki suka tafi ruga. Dangin uban jariri kuwa, da suka sha hanya kan babura tun daga Mayahi, suka buɗe suka ga miya zalla. Wata tsohuwa cikinsu ta aiko a tambaya ko ragon sunan da rai aka bar shi.

Dole Inna ta kwashe naman da ta ajiye wa gida ta aika musu. Ni kuwa na sulale ɗaki, na zauna kan sabuwar tabarmata, raina a ɓace. A ƙwayar halitta alamar a jikin furotin take, ba a murfi ba, kuma kullum da bakina nake faɗa wa ɗalibai haka. Na ce shi ke nan, ni da tabarmar nan sai mutuwa.

Bayan la'asar na ji Inna na ƙwala mini kira. Na fito kaina a sunkuye. Matan gidan sun zagaye wani tsohon kwano lotsattse, ba murfi ba zare, ƙanzon tukunya ne a ciki da ragowar miya.

Ta ce, "Ke mai ilimi, wanda ba a sa ma alama ba, cikin ƙwayar taku, ina shika zuwa?"

Na ce, "Ba shi zuwa ko'ina, Inna. Inda anka yi shi, nan shika zama."

Ta ce, "To, naman ɗakinki kin aika ruga. Wanke hannu ki zamna."

Suka matsa mini wuri. Na juya mata gefe don kunya, na sa hannu. Ƙanzon har da ɗan ƙauri, babu ko ƙashi a ciki, amma sai da gwaggo ta buge mini hannu ta ce in bar wa mai jego.