Tari Uku a Bakin Kwalbati

Tarin injin nake fara ji. Sau uku, kamar dattijo yana gyaran murya, sannan ƙarar ta miƙe. Ƙaramar tarakta ce ta hannu, wadda ake bi a baya ana riƙe da ƙahonninta, da ita Baba yake gyara gonar shinkafarmu a bakin kanal ɗin ban ruwa. Kullum in zai dawo da la'asar, yana isowa kwalbatin bayan gidanmu sai ta yi tarin nan. Inna takan ɗan dakata da abin da take yi, sannan ta ci gaba.

Da kaka Baba ya rasu. Da noman rani ya zo, Yaya ya ɗauki taraktar. Ranar farko ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, na ji tari uku daga kwalbati. Na dakata da tsintar, don irin tarin nan Baba da kansa ya yi ta yi a makonninsa na ƙarshe. Inna tana cikin takaba. Ta ɗago kai, na ga fuskarta ta saki a karo na farko.

Ni kuwa tsoro yake ba ni, kuma ni na matsa a kira bakanike. Ina da hujja: injin yana shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, sai an yi ta wana shi kafin ya tashi, ga irin shinkafa ya isa dashe.

Daga Kura bakaniken ya zo. Ya kwance nozul ya wanke, ya canja filta, ya tayar, ya kasa kunne. Sannan ya buɗe cikinsa.

"Wannan ai ya girme ki, 'yar boko," in ji shi. "Ringi ya cinye, fistin sai rawa yake. In na gyara yau, jibi za ku neme ni. A sa sabon inji."

"Tarin fa?" na tambaya.

"Wane tari? Tun ɗazu yake aiki a gabana, ko atishawa ban ji ba."

Yaya ya sunkuyar da kai yana goge sifana.

Noti huɗu aka kwance, aka sauke tsohon, aka ɗora sabo, aka ja bel. An yi dashe a kan kari. Tsohon injin aka ajiye a zaure aka rufa masa buhu, in na wuce sai in ji ƙanshin rigar aikin Baba.

La'asar ta zama shiru. Inna takan zauna a bakin ƙofar ɗakinta har inuwa ta cinye tsakar gida.

"Yau wannan yaron bai fita ba ne?" Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne.

"Ya fita, Inna. Sabon ne ba ya ƙara."

"To," ta ce. Daga baya ta daina tambaya, amma ba ta daina zaman ba.

Sai bayan shekaru, Inna ma ta rasu, na biyo Yaya daga gona wata la'asar, yana riƙe da taraktar. A kwalbati na ga ya danna abin ba da wuta da babban yatsa, ya rage, ya sake, sau uku, injin ya yi tarin nan ƙasa-ƙasa. Na riƙe hannun rigarsa.

Ya ce Baba ne ya koya masa. Baba ba zai ƙwala wa Inna kira a gaban mutane ba, da haka yake gaya mata ya dawo lafiya. Yaya bai fasa ko rana ɗaya ba. Muryar sabon injin ce ba ta tsallake katangar gidanmu.