Ranar da Na'urarmu Ta Yafe Bashin Mamaci

Cikin shekarun da na yi a kamfanin sayar da taki da iri a Funtua, akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba. Duk wanda aka kawo mini in koya wa aiki sai ya ji labarinta, ko yana so ko ba ya so.

Ga wanda bai san aikin ba, muna da manhajar da ke fitar da takardar biyan kuɗi ga manoman da ke ɗaukar kaya da damina su biya da kaka. Muna kuma da na'urar AI mai amsa saƙonninsu ta waya. Ita ba ta ganin allon kwamfuta yadda muke gani. Kowane aiki da manhajar ke yi, kamar duba bashi ko fitar da rasit, akwai bayanin da aka rubuta a kansa, shi take karantawa ta zaɓi wanda za ta taɓa. Rubuta bayanan nan shi ne aikina, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai, don nawa ba ya wuce layi ɗaya.

Da hantsin ranar wani mutum ya sauka daga babur ya shigo ofis, ƙafar wandonsa duk taɓo. Malam Sada ne, babban ɗan marigayi Alhaji Lawal, wani manominmu daga bayan Dandume. Manajanmu Oga Emeka, wanda haifaffen Funtua ne, ya yi masa ta'aziyya ya ba shi kujera.

"Ranar jana'iza na miƙe gaban jama'a na ce duk mai bin tsoho bashi ya neme ni," in ji Malam Sada. "Na turo maku saƙon rasuwa, na tambayi abin da kuke bin shi. Abin nan naku ya ce ko kwabo babu. Ni ko tsoho ya riƙe hannuna a asibiti ya ce akwai taki buhu goma sha biyu a wuyanshi. Jibi malamai za su zauna rabon gado. Ba ni yarda mu raba dukiya shi yana kwance da nauyin mutane."

Oga Emeka ya juyo ya kalle ni. Na buɗe tarihin saƙon, nan take na ga ɓarnar. Da na'urar ta ji an yi rasuwa, sai ta zaɓi aikin rufe asusu, wanda na rubuta a kansa cewa a yi amfani da shi idan mutum ya daina hulɗa da kamfani. Abin da ban rubuta ba shi ne, rufewar tana tura sauran kuɗin cikin asarar kamfani, asusun ya koma babu komai. Kunya ta rufe ni. Ni da na tashi ina jin sanarwar neman masu bin mamaci bashi a kowane gidan rasuwa, ban tuna da ita ba a gaban kwamfuta.

Na ce zan dawo da lissafin da hannu in buga masa takarda. Malam Sada ya girgiza kai.

"Ƙannena duk sun ga saƙon farko, Malama. Wasu sun ce tunda kamfani ya ce babu, a bar zancen. In na je da takarda za su ce ni na nemo ta. Bakin da ya ce babu, shi nake so ya ce akwai."

"Malama Binta, ko mu kashe abin nan mu koma littafi?" Oga ya tambaye ni a hankali.

"Oga, laifina ne ba nata ba. Ka ba ni zuwa la'asar."

Na dawo da asusun, sannan na zauna kan bayanin. Na rubuta abin da rufewa ke yi wa kuɗin da ya rage, na ce ba a rufe asusun da ke da bashi sai da izinin manaja, kuma rasuwa ba dalilin rufewa ba ce. A kan wani aikin kuma, na canja mai biyan bashi, na ƙara cewa idan an sanar da rasuwa, a tambayi wanda ya ɗauki nauyin bashin, a mayar da asusun hannunsa, a faɗa masa adadin kaya da kuɗi. A gwajin farko na'urar ta yi daidai, sai dai ta haɗa da gargaɗin nan na ranar ƙarshen biya da muke tura wa masu taurin bashi. Na koma na rubuta cewa ba a tura wa gidan makoki gargaɗi. Na gwada sau uku da saƙonnin da na ƙirƙira, duka ta wuce.

Bayan la'asar Malam Sada ya sake tura saƙonsa yana zaune a gabanmu. Wayarsa ta yi ƙara. Na'urar ta fara da ta'aziyya, ta ba da haƙuri kan amsar farko, ta ce taki buhu goma sha biyu, ta faɗi kuɗin. Ya karanta sau biyu, ya tura wa ƙannensa, ya yi hamdala. Ban taɓa ganin an faɗa wa mutum bashi fuskarsa ta washe haka ba. Daɗi ya kama ni har na kasa zama.

Ranar Alhamis da safe ya biya, ya kai wa malaman rasit kafin su fara rabo.

Shi ya sa nake gaya wa masu koyon aiki cewa abin da kowa ya sani a garin nan shi ya fi buƙatar a rubuta, domin na'ura ba ta taɓa zuwa jana'iza ba. Mun tsara manhajar nan kaf muna tsoron manomi zai gudu da kuɗinmu. Ba wanda ya tanadi wuri ga mutumin da zai hau babur cikin taɓo ya zo ya ce lallai sai an bi ubansa bashi.